WAYA A HANNUN MANOMI: DARASI DAGA BEBEJI, KIRU, TUDUN WADA DA DOGUWA



'Yan uwa, darasinmu na yau a kan wannan wayar ne da take hannunku, wadda kuke karanta rubutun nan da ita. Sai dai ina so mu fitar da ita daga cikin birni, mu kai ta gona, mu ga abin da za ta iya yi wa manomi da abin da ba za ta iya ba. Da yawanku a Kano kuke zaune ko Kaduna ko Abuja, amma mahaifi yana ƙauye, ƙane yana ƙauye, buhun masarar da ake aiko muku duk kaka daga can yake zuwa. Saboda haka maganar ta shafe ku ko ba ku taɓa riƙe fartanya ba.

Duk wanda ya taɓa barin titin Zariya a Kwanar Dangora ya miƙa Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore ya faɗa Doguwa, ya san wannan yanki daban yake da arewacin jihar Kano. Ruwan sama ya fi sauka, damina ta fi tsawo, ƙasa tana karɓar masara da shinkafa da dawa da waken suya da rake. A Bebeji madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ruwanta ne yake shayar da noman rani na su Kadawa da Kura da Bunkure. Can ƙurya kuma ga Riruwai da tsohon tarihinta na haƙar kuza. Allah ya yi wa yankin arziki. To amma in aka bi buhu tun daga gona har ya isa tukunya, aka lissafa wanda ya ci riba a kansa, sau da yawa wanda ya sha rana ya noma shi ne yake tashi da mafi ƙanƙantar kaso. Dalilan suna da yawa. Guda daga cikinsu, wanda waya take da ta cewa a kai, shi ne rashin labari.

MAGANAR FARASHI

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan matsala. A babin ciniki akwai hanin da aka yi na tarbar masu kawo kaya tun a hanya, a saye daga hannunsu kafin su shiga kasuwa su ji yadda ake sayarwa. Daga cikin dalilan da malamai suka kawo akwai cewa mutumin da ya taso daga ƙauye bai san farashi ba, mai tarbarsa kuwa ya sani, sai ya ci da jahilcinsa. Ka ga ashe tun asali an ɗauki sanin farashi a matsayin abin da bai kamata a tauye wa mai kaya ba. Abin da waya ta zo da shi shi ne ta sauƙaƙa wannan sanin. Manomi yana bakin gonarsa a Kiru zai iya kiran ɗan uwansa a kasuwar Dawanau ya ji nawa masara ta kwana, kafin ya buɗe baki ya sallama wa wanda ya zo da mota.

An gwada wannan an auna, kuma a maƙwabtanmu aka auna. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da sabis yake shiga gari bayan gari. Ta gano cewa inda waya ta isa, tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: ɗan kasuwar da a da sai ya hau mota ya je ya gano farashi, yanzu kira ɗaya ya ishe shi, sai kaya su riƙa tafiya inda ake bukatarsu.

Amma a tsaya a nan, kada mu yi saurin tafi. Binciken da ya biyo baya a Nijar ɗin dai ya nuna cewa kuɗin da manomi yake karɓa a hannunsa bai wani tashi ba saboda zuwan waya. Ɗan kasuwa ya amfana, mai saye ya amfana, manomi kuwa kusan yana inda yake. Me ya sa? Saboda sanin farashi daban, ikon jira daban. Mutumin da ya ci bashin taki da damina, mai bashi yana tsaye a ƙofa tun masara ba ta gama bushewa ba, ga kuɗin makaranta, ga auren 'ya an sa rana bayan kaka, ko ka gaya masa farashin zai ninka nan da wata biyar, sayarwa zai yi yau. Ba shi da rumbun da zai ajiye, in ma ya ajiye ƙwari su cinye. Wannan ita ce gaɓar da masu tallan fasaha ba sa son a taɓo.

Sannan ko farashin ma sai an iya jin sa. Misali kawai nake bayarwa: a ce an taya maka buhu 40,000 a gida, ka kira Dawanau aka ce 46,000. Kada ka ce an cuce ka da dubu shida. Cire kuɗin mota, cire lodi da sauke, cire la'adar dillali, cire abin da ake karɓa a hanya, cire kuɗin motarka kai da kanka da yinin da za ka ɓata. In abin da ya rage ɗari biyar ne, sayar a gida ka huta. In dubu uku ne a kowane buhu kuma buhu talatin gare ka, to akwai magana. Kuma a nan ne haɗin kai yake shigowa. Mutum goma in suka haɗa kayansu suka cika mota guda, kuɗin dakon kowane buhu ya sauka, kuma mai saye zai saurare su da kunnen da ba zai saurari mai buhu uku da shi ba. Zauren WhatsApp na manoman unguwa ɗaya, wanda ba a tura komai a cikinsa sai farashi da maganar mota da taki, ya fi manhajoji da yawa amfani. Sharaɗin kawai a samu shugaban da zai iya hana tura hotunan siyasa da saƙon "tura wa mutum goma". Wannan kuwa, wallahi, ya fi haɗa kuɗin motar wuya.

DARASIN TAKIN WAYA

Manya daga cikinku za su tuna 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma a gwamnatin Goodluck Jonathan, aka fito da shirin da ake kira GES. Kafin nan gwamnati ce take sayen taki ta raba, kuma kowa ya san inda yake maƙalewa: a hannun 'yan siyasa da 'yan kwangila, daga baya manomi ya gan shi a kasuwa da tsada. Sabon tsarin ya ce a yi wa manomi rajista da sunansa da lambar wayarsa, a turo masa saƙo, ya je wurin dilan da aka amince da shi ya nuna, ya biya rabin kuɗin buhu biyu, gwamnati ta biya rabin. An yi wa miliyoyin manoma rajista, kuma mutane da dama da ba su taɓa ganin takin gwamnati ba sun karɓa ta wannan hanya. A ba shi haƙƙinsa, tunani ne mai kyau.

Ina aka samu tangarɗa? A wuraren da mai zama a ofis bai hango ba. Wani an yi masa rajista da lambar ɗansa, ɗan ya tafi ci-rani da wayar. Wani saƙon ya shigo da Turanci, bai iya karantawa ba, ya goge. Wani ƙauyen babu sabis sam, saƙon bai iso ba. Wani wurin kuma takin ne ya makara har shuka ta wuce lokacin da take bukatarsa. Matsalar sabis ta kai sai da aka gwada wani tsari na kati, wanda yake aiki ko babu sabis, a Sakkwato da Abuja. Daga baya bashin da dilolin taki suke bin gwamnati ya taru, gwamnati ta sauya, shirin ya lafa.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan labari abu ne mai amfani yau. Kusan duk wani tallafi ko rance na noma da zai zo yanzu, na gwamnatin tarayya ne ko na jiha ko na ƙungiyoyi, da lambar waya da NIN da BVN ake shigarsa. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layi da NIN. To ɗan uwa, in mahaifinka manomi ne, tambayi kanka: layin da yake hannunsa da sunan wa aka yi masa rajista? Sunan da ke kan NIN ɗinsa ya dace da na banki, ko a nan Muhammadu ne a can Mamman? Shekarar haihuwa ɗaya ce? Irin wannan ɗan saɓanin shi yake fitar da mutum daga jerin suna ba tare da ya san dalili ba, sai ya koma gida yana cewa an yi masa siyasa. Wani lokacin siyasar ce. Wani lokacin kuwa harafi ɗaya ne. In ka je gida hutun nan, ka ware yini guda ka gyara masa wannan. Yana cikin kyautata wa iyaye.

MALAMIN GONA A CIKIN ALJIHU

Malaman gona sun yi ƙaranci, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Hukumar KNARDA tana nan, cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana nan, amma malami ɗaya ba zai zagaye ƙauyukan Doguwa a kan babur ya ga kowace gona ba. A 2016 manoma sun ga abu biyu da suka nuna tsadar jinkirin labari. Tsutsar tumatir da ake kira sharon ta cinye gonaki a yankin Kadawa da kewaye, har tumatir ya gagari talaka. A shekarar ce kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar masara a Najeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, mai shiga cikin kunnen masara ta ɓuya tana ci. Wanda ya gane ta da wuri, tun tana ƙarama, yana iya cetar gonarsa. Wanda ya bari ta girma ta shige ciki, sai ya yi ta zuba kuɗi a feshi a banza. A irin wannan, hoto ɗaya da yaro zai ɗauka ya tura wa malamin gona, a dawo masa da amsa ta saƙon murya da Hausa, yana iya zama bambancin buhu ashirin da buhu biyar.

Akwai kuma manhajar da cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice ta yi, mai suna RiceAdvice, kuma a jihar Kano aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajenta. Yadda take aiki: ana yi wa manomi tambayoyi a kan gonarsa, wane iri yake shukawa, me ya noma bara, nawa ya samu, nawa yake da shi na taki, sai ta fitar masa da shawarar da ta dace da gonarsa shi kaɗai: wane taki, nawa, a wane mako. Waɗanda suka bi shawarar sun samu ƙarin amfani da riba, kuma ba don sun ƙara yawan taki ba, don sun zuba shi a kan kari ne. Ku lura da wani abu: ba manomin ne yake latsa manhajar ba. Wani ne mai waya, malamin gona ko matashin da aka koya wa, yake zuwa ya zauna da shi. Ga sana'a nan ga samarinmu da suka gama sakandare suna zaune a bakin titi da babbar waya a hannu. Haka kamfanin Hello Tractor ya gina aikinsa: wakili a ƙauye ya tattara sunayen masu son huɗa da girman gonakinsu a waya, in sun taru da yawa sai mai tarakta ya ga zuwan ya biya shi.

Sai hasashen yanayi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: yaushe ake sa ran ruwa zai zauna, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron fari a tsakiya. Na san akwai masu ƙyamar abin, suna ganin shiga gaibu ne. A'a. Duba alamomi ne, irin yadda tsoho yake kallon gabas ya shaƙi iska ya ce a kwashe shanya, sai dai su da na'urori suke dubawa. Suna dacewa, suna kuskure, ruwa kuma na Allah ne. Amma manomin da ya ji cewa ana tsoron ruwan farko zai yi tsaye na mako biyu, ya ɗan jinkirta shuka, bai yi wani laifi ba. Irin masara na kamfani yanzu ba abin da za a binne sau biyu ba ne.

Gargaɗi ɗaya a nan. Ba duk mai magana a TikTok da Facebook a kan noma ne malamin gona ba. Wani maganin feshi yake sayarwa. In an ce ka haɗa wannan da wancan ka fesa, tambayi wanda ka san ya karanta abin kafin ka ƙona gonarka ko ka sa wa mutane guba a abinci.

KUƊI A WAYA

Farkon 2023 ya koya wa karkara darasin da ba a shirya masa ba. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka koma banki, sababbin ba su wadata ba. A kasuwannin ƙauye an ga mai kaya yana karya farashi ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi, saboda shi ba shi da asusun da za a tura masa. Tun daga lokacin masu POS suka yawaita, taransifa ta shiga cinikin hatsi da na dabbobi. Akwai alheri a ciki. Mutumin da ya sayar da shanu ko masara mota guda ba sai ya ratsa daji da kuɗi a ɗaure a ƙugu ba, kuma wanda ya san tarihin hanyar Falgore ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗa yana Legas zai turo kuɗin magani ya iso a minti ɗaya.

Amma ɓarawo ma ya koyi waya. Abu uku nake so ku karanta wa iyayenku da bakinku.

Na farko, saƙon da ya shigo yana cewa kuɗi sun shiga ba shi ne shaida ba, hoton rasit ɗin da mai saye zai nuna maka a wayarsa ma ba shaida ba ne. Ana ƙirƙirar duka biyun. Shaida ita ce ka duba abin da ke cikin asusunka da kanka ka ga ya ƙaru. Kafin nan kada buhu ya hau mota, ko da mai sayen ya yi rantsuwa, ko da ya ce sabis ne. In sabis ne, a jira sabis ɗin tare.

Na biyu, lambar sirri sunanta lambar sirri. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye ta, ba ya tambayar lambobin da aka turo maka ta saƙo. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka in ba ka faɗa ba, ko ya ce sunanka ya fito a tallafi, kashe wayar. Kuma tsohon da yake miƙa wa mai POS kati ya faɗa masa lambar da ƙarfi a gaban jama'a, a samu ɗa ko jika amintacce ya riƙa raka shi. Ku kuma masu POS, kuɗin aikinku ku faɗe shi a fili kafin a cire, kada ku ƙara wa wanda bai iya karatu ba don kun ga ba zai gane ba. Wannan amana ce aka ba ku.

Na uku, manhajojin ba da bashi. Suna ba ka kuɗi cikin minti biyar, da ruwa mai nauyi a wa'adin kwanaki, in ka makara su bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka wurin surukai da abokai, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta far wa wasunsu a 2022. Riba ce, hukuncinta kun sani, kuma ko ta fuskar lissafi noman da ake jira wata huɗu ba ya biyan bashin kwana goma sha huɗu. Haka masu cewa zuba dubu ɗari ka kwashi dubu ɗari biyu. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma wata tana hanya da sabon suna. Wanda yake neman jari ya duba bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da TAJ, ko adashin ƙungiya da aka rubuta sharuɗɗansa aka sa shaidu.

ABIN DA WAYA TAKE TSAYE A KANSA

Duk abin da na lissafa yana bukatar abu uku: sabis, caji, da wanda ya iya. A garuruwan kan titi an samu sauƙi. Ka saki kwalta ka shiga ciki, sai ka tarar da inda mutane suka san bishiya ɗaya ko tudu ɗaya da ake zuwa a yi kira. Caji kuma sai an kai shago an biya, shi ya sa ƙaramar sola ta zama jari a ƙauye. Kuɗin kira da data ma sun tashi, tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Saboda haka duk mai son taimakon manomin Tudun Wada ya gina abinsa a kan ƙaramar waya mai madannai, da kira da saƙon murya da Hausa. Kuma a tuna da mata. Su ne masu turara shinkafa, masu ƙuli da mai, masu kiwon awaki da kaji a cikin gida, amma sau da yawa wayar gidan tana aljihun maigida, shi kuma yana kasuwa. Matar da kayanta ne ake sayarwa ya kamata ta ji farashin da kunnenta, kuɗinta kuma su shiga asusun da yake nata.

Maganar sabis kuwa akwai ƙofar da ba a cika ƙwanƙwasawa ba. Kamfani ba ya kafa eriya inda lissafinsa bai nuna riba ba, shi ya sa dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi wani asusu a ƙarƙashin NCC, ana kiransa USPF, wanda aikinsa shi ne tallafa wa kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba za su je da kansu ba. Kiru da Bebeji suna da ɗan majalisar wakilai guda, Tudun Wada da Doguwa suna da guda, ga 'yan majalisar jiha, ga shugabannin ƙananan hukumomi. Ƙungiyoyin matasa da na ɗalibai su zagaya mazaɓa mazaɓa su rubuta sunan kowane ƙauyen da babu sabis, da kimanin yawan gidajensa, da makaranta ko asibiti ko kasuwar da ke cikinsa, da nisansa da eriya mafi kusa. Dagaci da mai unguwa su sa hannu, a yi kwafi uku: ɗaya ga ɗan majalisa, ɗaya ga ofishin NCC na Kano, ɗaya a ajiye da kwanan watan da aka kai, don ranar da za a dawo neman ƙuri'a a fito da ita a tambayi inda aka kwana.